Wa Zai Kori Tsuntsaye?

Har gobe ban manta da ranar da kwamfutarmu ta ce noman shinkafa maganin hawan jini ne ba.

Lokacin ina jami'in ƙididdiga a wani asibiti a Talata Mafara. Aikina in tattara bayanan masu hawan jini, shekaru da awo da sana'a, in zuba cikin wani lissafi mai hasashen waɗanda ciwo zai kai ga gado. Wanda lissafin ya ce yana cikin haɗari, ma'aikata su riƙa binsa gida. Saura kuwa sai sun kawo kansu.

Sakamako ya fito, wai manoman rani na wajen Bakura garau suke. Har da Baba Ige, wanda awonsa ke sa nas salati! Ke nan za a cire shi daga ziyarar gida.

Shugabata, Dakta Hajara, ta ce, "Malam Nasiru, in haka ne mu rufe asibiti mu sayi fartanya. Je ka gano mini."

Na hau acaba sai fadama. Na tarar da Baba zaune bakin gona, ƙafafu a kumbure, yana jan igiyar gwangwanaye. Bayan doguwar gaisuwa na ce, "Baba, ba a taɓa ba ka gado ba?"

"An sha ba ni, ɗana. In na kwanta, wa ka kore mini tsuntsaye?"

Ashe! Lissafin nan, waɗanda suka kwanta a asibiti kawai yake ƙirgawa. Wanda likita ya ba gado ya ƙi, a wurinsa lafiyayye ne.

Na lura da ƙyar yake numfashi. Na roƙe shi ya je asibiti, ya ƙi. Na buga wa Dakta waya na gaya mata yadda muka yi, ta ce, "Ai ya yi tambaya. Ba shi amsa."

Haka na karɓi igiya, ɗan acaba ya tafi da Baba. Da takalmin ofis na yini ina ihu a gona, har ƙanensa ya iso daga Maradun.

Mun gyara lissafin, yanzu duk wanda aka ba gado ana ƙirga shi, ko ya ƙi. Ranar sallama Baba ya ce, "Lissahi kam ka iya, amma tsuntsaye sun raina ka."

Shi ya sa nake gaya muku, yara: in lissafi ya ce mutum lafiya lau yake, ku je ku ga abin da ya hana shi kwanciya.