Ummussalma, Matar da Ta Mayar da Hadi Gona

Kafin ƙarfe takwas na safe Malama Ummussalma ta riga ta sauka daga kan acaɓa a ƙofar wani ƙaramin asibiti a Birnin Kudu. Da kanta take share ɗakinta, ta jera kujeru biyu, ta ajiye ruwan sha. Kayan aikinta ke nan, sai yatsu biyu na hannun dama. Shekara talatin da biyar tana aikin jinya, goma na ƙarshe kuma tana kula da mutanen da wani bala'i ya afka wa ya ƙi sakin zuciyarsu.

Hanyar da ta koyo a wani kwas ita ce, mutum zai riƙe abin da ya firgita shi a ransa yana bin yatsunta da ido, dama da hagu. Ta tsaya, ya ja numfashi, ya faɗi abin da ya zo masa, a sake. Mako bayan mako ake yi, har tunanin ya daina kayar da mai shi.

Da me aka saka mata? Abokan aiki suka raɗa mata suna Mai Kaɗa Yatsa. Wani babba ya taɓa tambayarta, a gaban marasa lafiya, ko tsibbu ta fara. Aka karɓe ɗakinta mai taga aka tura ta kusa da inda ake jibge karyayyun gadaje. To, waɗanda suka yi dariyar su je Kwandiko a Gwaram su tambayi Hadi.

Hadi manomi ne. Wata la'asar ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, katangar ɗakinsa ta rufta kan 'yarsa Nasiha, mai shekara shida. Da hannunsa ya tono gawarta. Daga ranar, da hadari ya haɗo sai jikinsa ya ɗauki ɓari, ya toshe kunnuwa, ya kasa ko tsayuwa. Damina biyu bai taka gona ba. Dangi suka ce iska ce. Aka yi masa hayaƙi, aka kai shi wurin wani mai magani da ya sa masa mari a ƙafa ya tsula masa bulala. Uban da ya binne 'yarsa, shi aka daka kamar ɓarawo! Matarsa Kubra ce ta ce ya isa, ta sa shi a mota zuwa Birnin Kudu.

"Malama, ni ba mahaukaci ba ne," in ji shi, tun bai zauna ba.

"Na sani, Malam Hadi. Ba mai ɗaure ka a nan. Kuma duk lokacin da ka ce a tsaya, za a tsaya."

Zama biyu ba ta ɗaga yatsa ba, sai koya masa yadda zai kwantar da numfashinsa. A na uku ta tambaye shi abin da yake gani in ya tuna.

"Katangar," ya ce. "Ni na ce ta shiga ɗaki kada ruwa ya jiƙa ta. Ni na kashe ta, Malama."

"Riƙe wannan a ranka, ka bi hannuna."

Ya bi, hawaye na zuba a gemunsa. Ba ta yi masa wa'azi ba, ba ta ce ya yi haƙuri ba, domin wannan ya sha jinsa. A zama na shida, bayan ta sauke hannu, da bakinsa ya ce, "Ruwa fa na gudar mata. Kowane uba abin da zai yi ke nan." Ranar ruwa ya sauko suna cikin ɗakin, kwano na ƙara a kansu. Ya damƙe kujera, amma bai tashi ba.

Bana Hadi ya shuka gero da dawa. Kubra ta gaya mini, "Har yanzu in an ambaci yarinyar sai ya yi ƙwalla. Amma jiya cikin yayyafi ya gama noman fari."

Ke ce kika yi wannan, Ummussalma, bayan ikon Allah. Ke ce kika saurari mutumin da kowa ya gaji da shi. Direbobi da suka tsira daga haɗari, mata da haihuwa ta bar su da firgici, duk sun zauna a kujerarki. Mai haƙurin sauraro, sannu da aiki.

Wata mai zuwa za ta yi ritaya. Sau uku tana rubutawa a tura ma'aikatan jinya biyu su koyi aikin, ko amsa ba a ba ta ba. Mutum goma sha ɗaya suna tsakiyar magani a hannunta yanzu. Ina za su je? Wurin mai bulala?

Mun gode, Malama, Allah ya saka miki da mafificin alheri. Ku kuma da takardunta ke kwance a teburinku, ku buɗe su yau. Ma'aikatan jinyarmu, ku je ku zauna kusa da ita tun tana nan. Kwana talatin suka rage.