Hannun Rabi da Bai Kai Kunne Ba

Mu biyar ne a wannan maraicen: kakarmu Iya Tsahara, wana Illa, ɗan kawunmu Sahabi da ke lakkwal, wato makarantar boko, a Tawa, ƙanwata Rabi, sai ni Hassana mai shekara goma sha huɗu. Garinmu na gefen Affala, ƙasa ba ta daɗe da samun mulkin kai ba. An gama yankan gero, mun hura wutar kara muna gasa gujiya.

Maigari ya aiko cewa gobe mushe, malamin lakkwal, zai zo rubuta yara. Ga yadda ake awon: yaro ya ɗora hannu bisa kai, in yatsunsa sun taɓo kunnen ɗaya gefen, ya isa lakkwal. Innarmu ta riga ta ce da asuba in ɓoye Rabi cikin rumbu.

Illa ya ce, "Daidai ne. Lakkwal mi ta ba Sahabi, ban da gajeren wando? Ni bana Abijan za ni."

Sahabi ya ce, "Tahi. In ka iske takarda a iyaka, ka ce ta karanta kanta. Nasara ya tahi, wa za shi riƙe ƙasar? Masu cin rani?"

"Masu cin rani ke ciyar da ku."

Ni bayan Illa na bi. Na ce ɗiya mace ba ta da abin yi gaban mushe.

Iya ba ta raba gardama. Ta tura kara cikin wuta ta ce, "Ku yi shiru, ga wata ta iso muku." Wai wata mata ce da irin gero mai kyau. Ruwa ya sauka, kowa ya fita shuka, ita ta ce ba ta zuba irinta ga ƙasa zabi su tone. Ta liƙe shi cikin tulu. Maƙwabta zabi sun ci nasu, wani ya tsira. Da ta buɗe tulunta, sai gari da ƙwari.

Illa ya ce, "Ke nan in tahi, Iya?"

Ta ce, "Ni gero na ce. Miƙo min gujiya."

Na daɗe ina ɗauka da Rabi kawai take. Sai da na tsufa na gane har da Illa, wanda ya yi shekara tara a Abijan, wasiƙunsa Rabi ke karanta wa Inna. Har da ni ma, da aka ɓoye a wannan rumbun shekara bakwai kafin nan. Har yau yatsa nake dangwalawa a takarda, kuma ba na son a tausaya min.

Washegarin wannan hirar, da safe ban kai Rabi rumbu ba. Na ja ta bayan gida na gwada hannunta, bai kai ba, saura kaɗan. Na koya mata karkata kai yadda ba za a lura ba, na wanke mata fuska, na kai ta ƙofar maigari. Dukan da Inna za ta yi min na san da shi, na dawo na same ta tana jira.