Tururuwa a Farantin Shayi

Ɗanmu na fari yana da sati bakwai a duniya wani farin abu ya fito masa a baki. A lokacin muna zaune a unguwar Malali, a ɗaya daga cikin gidajen nan na ma'aikata masu ɗaki biyu da falo. Ni ina fassara labarai ina karanta su a gidan rediyo, matata kuma tana koyar da kimiyya a wata sakandaren 'yan mata. Ina ce mata Malama, tana ce mini Malam. Duk layinmu an san gidanmu da abu guda: ba a taɓa jaririn sai an wanke hannu da sabulu, ko da kuwa daga alwala mutum ya fito.

Malama ba ta je wankan gida ba. Mahaifiyarta ce ta zo daga Zariya ta zauna da mu. Wankan ruwan zafi da ake yi safe da yamma har arba'in, Malama ta yi na sati biyu ta ce ya isa. Kunun kanwa kuwa ko kurɓa ba ta yi ba, don jininta ya hau lokacin da take da ciki, likita ya hana ta. Mahaifiyar tata ba mai faɗa ba ce. Ranar da za ta koma, tana ɗaure kayanta ne ta ce, "Shi ke nan ai. Nonon dai naki ne, ke za ki gani." Ta yi mana addu'a, muka raka ta tasha. Ni kafin mu dawo gida na manta da maganar. Malama ashe ajiye ta ta yi.

Farin ya fara ne a kan harshe, sannan ya bazu cikin kumatu, gutsi-gutsi kamar ragowar kindirmo. Ta sa tsumma mai tsabta ta goge, bai fita ba, inda ya ɗan ɗaye kuma sai ga wurin ya yi ja. Yaron yakan kama nono ya ja sau biyu, ya saki, ya kau da kai ya fashe da kuka.

Ran Litinin muka kai shi asibitin sha-ka-tafi. Nas ɗin dattijuwa ce, ta danna masa haɓa da yatsa, ta leƙa sau ɗaya.

"Ciwon bakin jarirai ne," in ji ta. "Wani irin fumfuna ne da yakan kama su tun jikinsu bai yi ƙwari ba. Ba ƙazanta ba ce, ba kuma daga nono ba ne. Bakin ke masa zafi. Leƙa bencin can ki gani."

Muka leƙa. Jarirai da dama a jere bisa cinyoyin iyayensu, bakunansu duk sun rine. Maganin ke nan da ake bayarwa a wancan zamani, wani ruwa mai launin shuni a 'yar kwalba. Ta ce a ɗiga a auduga a shafa masa a baki, Malama ma ta shafa a kan nononta, kada kuma a fasa shayarwa. Malama ta yi tambayoyi kamar mai shirya jarrabawa, ta rubuta amsoshin a bayan katin awo. Na ɗauka magana ta ƙare.

Launin maganin daidai yake da tawadar hatimin ofis, kuma halinsu ɗaya, inda ya taɓa ya zauna. Ya hau zanin goyo, ya hau matashin kai, ya hau kafaɗar farar rigata. A wurin aiki wani abokina ya dubi kafaɗar ya ce ashe har an buga mini hatimi, saura sa hannu.

Ran Alhamis da rana ina neman ashana a kabad ɗin kicin, sai na ci karo da gwangwanin madarar jarirai da sabuwar kwalbar shayarwa, an tura su bayan tukwane.

"Malama, wannan fa?"

"Madara ce."

"Na ga madara ce. Ta wa?"

Ta ci gaba da yanka albasa. "Yaron nan ba ya son nonona. Kana ganin yadda yake kau da kai. Tsinkewa yake yi a bakinsa, shi ne farin da kake gani."

Na gyara tsayuwa na yi mata bayani. Na ce na ɗaya, nas ta ce fumfuna ne. Na biyu, da ragowar nono ne da ya fita da aka goge. Na uku, babu wata hanya da wankan ruwan zafi zai bi ya gyara nono ko rashinsa ya ɓata shi. Ina jin har na huɗu na kawo. Ta bar ni na kai aya.

"An gama labaran? To a sa mana waƙa."

Daga nan ta ajiye wuƙar. Ta ce duk abin da na faɗa ta sani, ita ke koyar da shi. Amma ita ce ta yanke wanka, ita ce ta ƙi kunu, an kuma gaya mata za ta gani, ga shi ta gani. Ta ce za ta ci gaba da ba shi nono zuwa Lahadi. In ya ci gaba da gudunta, za ta buɗe gwangwanin ta huta da cutar da shi. Na san halinta. In ta buɗe ba za ta waiwaya ba, nonon zai kafe, yaro ɗan wata biyu ya koma kan kwalba, ita kuma ta riƙe wannan a ranta iyakar rayuwarta.

Ba za ta iya kai wa mahaifiyarta kuka ba. Ɗan fari ne, akwai kunya, ga kuma waccan magana a tsakani. Don haka ran Asabar da safe na tafi Hayin Banki wurin Gwaggo, ƙanwar mahaifina. Sana'arta ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, amma a unguwarsu da wuya a yi haihuwa ba a aiko mata ba. Na gaya mata komai. Abin da nake so shi ne ta zo ta yi wa Malama faɗa irin na manya. Ta saurara tana murza tunkuza, ta wanke hannu, ta yafa mayafi, muka tari tasi.

Muna shiga Malama ta durƙusa ta gaishe ta, sannan a hankali ta turo buta da sabulu.

Gwaggo ta dubi sabulun. "Hannun nan shi ya wanke mijinki ranar da aka haife shi, ga shi nan tsaye da ransa." Ta dai wanke. Ta karɓi yaron ta ɗaga shi wajen haske. "Kai kuma mijina, marina ka faɗa da baki? Haka za ka zo mini zance?"

Ta duba harshen da kyau. Na jira ta ce ba nono ba ne.

"Mai yiwuwa nonon ne," in ji ta, "mai yiwuwa ba shi ba ne. Ba a yanke wa nono hukunci da ka, 'yar nan. Gwada shi ake yi."

Gwajin tsohon abu ne, na sha jin labarinsa amma ban taɓa gani ba. A tatsi nono a ɗan mazubi, a jefa tururuwa ciki. In ta fita da ranta, nono lafiyayye ne. In ta mutu, an ce ya ɓaci. Na dubi Malama, ina jiran malamar kimiyya ta yi magana. Sai ta ce, "To, Gwaggo."

Gwaggo ta juyo gare ni. "Mai rediyo, fita ka ba mu wuri. Ka samo mana tururuwa."

A nan aka sami matsala, don gidanmu babu tururuwa. Malama ta riga ta kore su tun kafin haihuwa, da fesawa da gogewa da toshe kowace kafa. Na fita bayan gida da kwalin ashana, na tsuguna a gindin zogale. Maƙwabcinmu ya leƙo ta kan shinge ya tambaya ko wani abu ne ya faɗi. Na ce a'a, ina duba ƙasar ne.

Ta farko da na kawo Gwaggo ta ce kiyashi ne. "Wannan ko a yawu nitsewa zai yi." Ta biyu na matse ta wajen kamu. "Ka karya mata ƙafa, sannan ka ce ta yi iyo?" Sai a karo na uku, kusa da famfo, na sami wata baƙa ƙatuwa mai saurin tsiya. Gwaggo ta leƙa kwalin ta ce yanzu na yi aiki.

Sun riga sun fito daga ɗaki. A kan teburin falo ga ɗan farantin da ake ɗora kofin shayi, cikin kayan auren Malama da ba a taɓa amfani da su ba, nono ya ɗan rufe tsakiyarsa. Gwaggo ta riƙe gefen farantin da hannun hagu, ta yi bisimilla, ta karkaɗe kwalin.

Tururuwar ta faɗa tsakiya ta shiga juyi wuri ɗaya, ƙafafunta na ta motsi ba ta zuwa ko'ina. Malama ta damƙe bakin zaninta da hannu biyu. Ban taɓa ganin fuskarta haka ba, ko ranar da aka shiga da ita ɗakin haihuwa. A lokacin na gane cewa in ƙwaron nan ya mutu, ko Lahadin ba za a jira ba, kuma ni na kawo shi da hannuna.

Sai na ga yatsan Gwaggo. Manuninta yana ƙarƙashin gefen farantin, ya ɗaga kaɗan, ɗagawar da ba ta fi kaurin tsinke ba. Nonon ya gangara gefe guda. Ƙafafun tururuwar suka sami ƙasa. Ta ja jiki ta hau baki, ta tsaya tana share kai da ƙafafun gaba, sannan ta sauka teburin ta kama gabanta.

"Lafiyayye," in ji Gwaggo. "Kin ga har tsayawa ta yi tana lasar baki."

Aikina ya koya mini kada in bar magana ta wuce ba daidai ba. Ko sunan gari aka karanta a karkace sai na tura takardar gyara. Na ji bakina ya buɗe da kansa. Gwaggo ta ɗago ta dube ni.

"Mai rediyo, kana da sanarwa ne?"

"Babu, Gwaggo."

"Madalla."

Malama ta tashi ta shige ɗaki, Gwaggo ta bi ta da yaron. Ina jiyo su ta labule. Akwai 'yar shessheƙa, ba ta daɗe ba. Gwaggo na cewa ta fara tatsa kaɗan tukuna don ya zubo da sauƙi, kada ya sha wahalar ja. In ya saki ta bar shi ya huta ta sake ba shi. "Bakin ne ke masa zafi, ba ke yake gudu ba. Tawadar nan taku kuma ku ci gaba da shafa masa, tunda kun fara." Abin da nas ta faɗa ke nan ran Litinin, ni ma na maimaita ran Alhamis. A bakin Gwaggo aka karɓa.

Da la'asar na raka ta bakin titi.

"Gwaggo, na ga yatsanki."

"Ashe kana da ido."

"Da ta mutu fa?"

"Tun ba a haife ka ba nake jefa tururuwa a nono, babu wadda ta taɓa mutuwa a hannuna. Abin da na sha gani shi ne yaron da aka cire wa nono tun yana jariri. Wannan kam na gani, ba na son ƙara gani."

"To me ya hana ki gaya mata kawai?"

"Kai ba ka gaya mata ba? An ce har da na ɗaya da na biyu." Ta ɗaga hannu ta tsai da tasi.

Lahadi ta zo ta wuce. Yaron yana sha yana saki, yana saki yana komawa, kafin sati ya zagayo farin ya ɓace, yaron ya koma tsotso har da gurnani. Shunin ya fi ciwon daɗewa, rigata dai ba ta ƙara fita ba. Gwangwanin ya zauna bayan tukwane, har wata safiya da madarar shayi ta ƙare Malama ta ajiye mini shi a gaba. Ƙarni gare shi kamar an jiƙa ƙusa a ciki. Ta ce ba a zubar da abinci, sai da na shanye shi tas.

Na riƙe maganar yatsan shekaru. Tana damuna, don na zama shaida a kan abin da na san an taɓa. Bayan Gwaggo ta rasu, Allah ya ji ƙanta, wata rana muna shan shayi a kofunan nan na kayan aurenta na ga ya kamata in gyara labarin. Na tsara kalmomina da kyau, na fara da cewa akwai wani bayani da ban kammala ba.

"Yatsan?" in ji Malama. "Ai na gani. Na fi ka kusa da farantin."

Na ajiye kofina. "To me ya sa kika yarda?"

"Tsohuwa ta bar suyarta ta taso tun daga Hayin Banki ta yi mini maguɗi. Da ta ga laifina, da ba ta ɗaga yatsan ba." Ta ƙara wa kanta shayi. "Abin da ya dame ni ita tururuwar ce. Kun bar ta ta sauka a falona. Kwana uku na yi ina nemanta."