Tsakin Laouali

Duk Riyad ban san mutum mai kunnen tsiya irin Laouali ba. Shekara shida muna ɗaki ɗaya da shi a unguwar Dira, ni ina dako a wani sito na Birnin Masana'antu na Biyu, shi yana tuƙi a Unguwar Ofisoshin Jakadanci. Mutumin Maraɗi ne, dogo, ba ya son hayaniya. Amma ka kuskura ka kunna waƙar da ba ta yi masa ba, yanzun nan zai ja tsakin da sai ka ji kunyar wayarka.

Gado ya yi. Mahaifinsa makaɗin gurmi ne, ya rasu babu wanda ya taɓa naɗar muryarsa. Daga baya wani matashi ya ɗauki waƙarsa ta manoma, ya kai situdiyo, ya lafta mata fiyano, ko sunan tsohon bai ambata ba. Tun daga nan Laouali ya tsani duk mai sake rera waƙar wani.

Matar da yake tuƙawa, Madam Noelani, 'yar Hawai ce, mijinta ma'aikaci ne a wani ofishin jakadanci. Ni ban ma san akwai wani tsibiri mai wannan suna ba sai a bakinsa. Kullum a mota waƙoƙin garinsu take kunnawa, shekara huɗu, har Laouali ya zama malami a kansu alhali kalma ɗaya ba ya ji. In ya dawo da yamma sai ya hana ni shan shayi.

"Badamasi, waƙar Hawai iri biyu ce. Akwai ta mutane, akwai ta otal."

"To, Shehin Hawai, karanta mana."

"Ta otal, an goge muryar da inji har ta yi santsi kamar leda. Su ɗauko waƙar Turawa, su kaɗa ta da 'yar ƙaramar jitar nan mai tsirkiya huɗu, su zuba ƙarar igiyar ruwa a baya, wai sun yi waƙar gargajiya. Ƙazanta!"

Ta mutanen kuwa guda ɗaya ce ta kama shi. Mahaifin Madam ne ya rera ta a barandar gidansu, da jita wadda ya sassauta wa tsirkiya, aka naɗa a kaset, ita kuma ta juye a wayarta. Muryar tsohon a dishe take, ana jin tarinsa, ana jin zakara na cara a bayansa. Laouali ya ce duk sanda ta kunna sai ya rage gudu, don mahaifinsa yake ji. Wallahi na taɓa ganin idonsa ya yi ja yana ba ni labarin.

Sai bara, saura mako biyu iƙamarsa ta ƙare. Iƙama ita ce ranka a ƙasar nan, in mai gida bai sa an sabunta maka ba, sai jirgi. Ga 'ya'ya biyar a Maraɗi. A wannan makon ne Madam ta sanar da shi da murna cewa ɗanta ya sake rera waƙar kakansa a situdiyo, gobe za ta fito, shi za ta fara kunna wa.

Na zaunar da shi. Na ce, "Ɗan'uwa, don girman Allah, kome ka ji ka ce mumtaz. Kalma ɗaya ce ta Larabci, wato ya yi kyau ƙwarai. Ni kullum sai na faɗa wa shugaban sitonmu ita sau goma, ban mutu ba."

Ya ce ya ji.

Bai ji ba! Ga yadda ya ba ni labari. Suna tsaye a danja ta kunna. Ganga ta inji ce ta fara, dum-dum-dum, irin ta gidan rawa. Sai murya ta shigo a matse kamar ta sauro, an cire tarin, an cire zakaran, rabin baitin an mayar da shi Turanci, wasu 'yan mata na amshi a inda tsohon yake yin shiru. Laouali ya rantse mini ya riga ya shirya mumtaz a bakinsa. Tsaki ne ya riga ta fita. Dogo, irin na mutanen Maraɗi.

Madam ta dakatar da waƙar. Ta tambaye shi da ɗan Larabcin da suke yi, wannan ƙarar me take nufi?

Ai ko jaki ya samu wannan ƙofa ya fita. Ka ce haƙori ne ke ciwo mana! Ina. Sai ya ce mata, "Madam, babanki waƙa ya yi. Ɗanki talla ya yi. Ya wanke ta har babu kowa a ciki."

Ya kai ta gida, ya dawo. Da ya gaya mini na tashi kamar zan mare shi. Na ce, "Kai wane irin mutum ne? Uwa za ka gaya wa haka? Uban waye ya naɗa ka alƙalin Hawai?" Ya ce shi ma ya ji haushin kansa, amma waƙar ta fi ba shi haushi. Daga baya ya kunna mini ita a intanet. In faɗi gaskiya, ko ni da ban san komai ba sai da na ce a kashe.

Kwana tara muna jiran kora, ya daina cin abinci sosai. Ran na goma aka miƙo masa iƙama sabuwa. Matar ba azzaluma ba ce, ba ta rage masa komai ba, gaisuwa ma tana amsawa.

Abu ɗaya ne ya canza. Tun ranar, da ta shiga mota sai ta toshe kunnuwanta da abin sauraro, ita kaɗai take jin waƙarta. Muryar tsohon kuwa babu ita ko'ina sai a wayarta. Laouali ya nema a intanet har ya gaji, in ya rubuta sunan waƙar, ta ɗan ce ke fitowa, da gangarta.

Wata takwas ke nan yana tuƙi shiru. Jiya ya ce mini wani lokaci yakan hango ta a madubi tana lumshe ido, ya san tsohon take ji, sai ya rage gudu.