Sujadar da Ba Ta Kalli Gabas Ba

Wata Laraba ce a tsakiyar bazara, shekarar da na shiga aji huɗu a lakwal, makarantar bokon ƙauyenmu da ke kusa da Bambeye. An tashe mu da rana, na dawo ƙafafuna suna zafi da yashi, na tarar da Inna a inuwar rumbu. Ta durƙusa a kan tsohuwar tabarma, ƙirjinta a kan cinyoyinta, goshinta a ƙasa, hannuwanta miƙe a gaba, kaji suna tono a gefenta ko motsi ba ta yi. Ni ban ga abin mamaki ba, tun da na yi wayo haka nake ganinta. Amma ranar nan Gwaggo Hajo, yayar mahaifinmu, tana tsaye bakin ƙofa da ƙwarya a hannu, baki buɗe. "Subhanallahi! Ke Rabi, wa kika yi ma sujada, kin ba gabas baya?"

Mahaifinmu, kamar yawancin mazan Adar, ya tafi biɗa ƙasar waje, sai damina muke ganinsa, wata shekarar ma ba ma gani. Gida da gona da awaki duk a wuyan Inna suke. Rijiyarmu mai zurfi ce, sai ka leƙa sosai kafin ka hango ƙyallin ruwa. Tun asuba take jan guga har igiya ta yi mata kanta a tafi, ta dawo ta yi daka, ta tafi kwashe duwatsun gona, don ƙasarmu dutse ta fi haifa a kan hatsi. In ta gama, sai ta shimfiɗa tabarmar nan. Wani lokaci ta haɗa tafukan ƙafafunta ta sunkuya a hankali, wani lokaci ta kwanta rigingine ta jingina ƙafafu da jikin rumbu, ta daɗe har ruwan tukunya ya tafasa. Wurin kakarta ta koya. In ni da ƙanena muka bar wasan langa muka zo kwaikwayo muna gaggawa, takan ce, "Ba a ja ma jijiya, jiranta a kan yi har ta saki." Kuma mun san bambancin. Ranar da ta samu yin haka, muryarta takan yi sanyi, ta yi mana tatsuniya, ta yi barci. Ranar da ba ta samu ba, ko cokali ka yar sai ka sha faɗa.

Inna ta yi wa Gwaggo bayani, ta rantse bayanta kawai take gyarawa. Bai hana komai ba. Kafin Juma'a magana ta zagaya gari cewa Rabi tana da iskoki, tana yi musu sujada a bayan rumbu. A bakin rijiya mata suka riƙa janye gugansu daga kusa da nata. A lakwal yara suka daina cin ƙosai tare da ni. Sai ga mahaifinmu ya kira ta wayar mai shago, aka aiko Inna ta je, ni ina riƙe da gefen zanenta. Ban ji abin da ya faɗa ba, ita kawai na ji tana cewa, "To, Malam. Na bari." Da muka dawo ta naɗe tabarmar ta cusa ƙarƙashin gado.

Ta bari kuwa, don Inna ba ta alkawari biyu. Rijiya dai ba ta rage zurfi ba, duwatsu ba su ƙare ba. Na ga yadda bayanta ya riƙa sandarewa, damina bayan damina. Ta fara dafa bango kafin ta miƙe, ta daina tatsuniya, ta zama mai saurin fushi da kuka. An kai ta wurin wanzami ya yi mata ƙaho, an shafa mata man kaɗe, an sayo ƙwayoyi a kasuwa. Sunanta ya wanku a gari, har Gwaggo tana yabon yadda ta shiryu. Ban kai ga gama makaranta ba Inna ta kasa kai goshinta ƙasa, ta koma sallah a zaune kan turmi da aka kifa mata.

Yanzu ina aikin ɗinki a Tawa, yini guda a duƙe kan keke. Da bayana ya fara ciwo, wata ma'aikaciyar asibiti ta nuna mini motsa jiki mai sanyi da ta ce ana kira yoga: ka shiga yanayi ɗaya, ka daɗe, ka bar numfashi ya kwanta. Tana durƙusawa ta ɗora goshinta a ƙasa, hawaye suka zubo mini, har ta ɗauka ciwon ne. Ina yi kullum, ƙofa a rufe, kuma bayana ya saki, zuciyata ma ta yi sauƙi. Da na je gida da Sallah na ba Inna labari, tana zaune a kan turminta ta ce, "Ɗiyata, in kin kai ƙasa ki daɗe, ki yi har da nawa."