Taken Kada

Ranar da na kai reslin, wato kokawar Turawa ta talabijin, Argungu ba ta taɓa fita raina ba, kuma tunda kun ce ku ma kuna son shiga harkar shirya wasa, gara ku ji ta daga bakina. Abin da na zuba a ciki ba shi da wuyar lissafi. Na sayar da manyan janareto biyu daga shagona don in yi hayar rumfuna da lasifika da motar kwasar 'yan kallo. Na aza sunana, wanda da shi nake cin abinci a Birnin Kebbi. Na ukun shi ne mai nauyi: wuyan Yohanna, wanda na tsaya gaban matarsa Rahila na ce ko ƙwarzane ba zai dawo da shi ba.

Sana'ata sayar da talabijin da dishi da janareto. Daga baya na buɗe gidan kallo a Badariya. Ƙwallo ke kawo jama'a, amma ranar da babu ƙwallo reslin muke sakawa, kuma na lura masu kallon reslin sun fi kowa tsayawa bayan an tashi, suna gardama. Shugabansu wani ma'aikacin gwamnati ne, Malam Nasiru, wanda suke kira Alƙali don shi ke yanke wa kowane wasa maki. Duk sun san shiri ne, ba wanda ake ruɗa. Abin da suke aunawa shi ne iya shirin. Sai ka ji Nasiru ya ce, "Wanga wasa shida bisa goma. Dukan ya yi kyau, amma hwaɗuwar ta zo da wuri, kamar mai sauri ya tai gida."

Wata rana na tambaye su me ya sa ba sa zuwa kokawar gargajiya, ga ta a ƙofar gida duk kaka.

Nasiru ya ce, "Alhaji, mi za mu kallo? Ka hau mashin tun daga nan, ka sha rana, ka zauna. Kahin ka gyara hula an yi kaye, an tashi. Ko kuwa su riƙe juna awa raguna har magariba. Babu labari ciki."

Ɗan kasuwa idan ya ji ƙorafi, kaya ya ji ana nema. Na ce to, me zai hana a yi kokawa mai labari, da mutanenmu, a filinmu, a kuma faɗa wa kowa tun farko cewa wasa ne shiryayye? Ba caca, ba cuta. Na sami mutum biyu. Yohanna shi ke yi mini gyaran janareto a Gesse, ƙato ne mai fara'a, ya haddace duk wani salon jifa na talabijin. Na biyun Bawa, Basarke ne daga wani ƙauye a bakin gulbi kusa da Argungu, masunci, tsohon ɗan kokawa da ƙarfinsa ya fara ja baya. Mutum ne mai sanyi ƙwarai. Da na ce masa shi ne zai faɗi a ƙarshe, dariya ya yi ya ce, "Alhaji, ai na hwaɗi kyauta sau da yawa. Wagga ko biya za a yi."

Ga waɗanda ba su san tsarin ba, ba a kafa fili haka kawai. Sai ka je wajen sarkin kokawa na yankin ka kai goro, shi zai ba ka alƙalin wasa, shi zai ba ka makaɗi. Sarkin a lokacin Baba Manu ne, dattijo mai ido ɗaya. Ya saurare ni har na gama, ya ce shi bai ga laifin wasa ba, amma sharaɗi guda: kada a buga taken kowa. Take shi ne kiɗan da aka keɓe wa gwani shi kaɗai. Idan ɗan kokawa ya ji nasa, jikinsa yakan ɗauki rawa, abin da ake cewa tsuma, kuma mai tsuma ba ya jin magana. Na ce na yarda. Aka kira makaɗin, Audu, aka gaya masa a gabana cewa kiɗan nishaɗi kawai zai yi. Ya ce an gama.

Muka yi ta gwaji a bayan shagona. Nasiru ke tsara labarin. Bawa zai fito a matsayin zakara, Yohanna baƙo mai izgili. A tsakiyar wasa Yohanna zai ƙwace bel ɗin zakara ya ɗaga wa jama'a, ya jefar ƙasa ya taka, Bawa ya fusata, a yi ta juyi, sannan Yohanna ya kayar da shi. Bel ne ba mu da shi. Na ce a sayo na roba a kasuwa, Nasiru ya ce zai ɓata wasan, a nemo abin da ido zai yarda da shi. Bawa ya ce akwai wani tsohon guru, ɗamarar 'yan kokawa, rataye a ɗakin uwarsa, zai zo da shi. Ba wanda ya tambaye shi na wane ne, shi ma bai faɗa ba. A gwaji da igiya muka yi amfani, gurun bai fito ba sai ranar wasa.

An gama yankan shinkafa, ranar Asabar ce, bayan la'asar. Fili ya cika fiye da zatona. 'Yan Birnin Kebbi suna gefen rumfa da wayoyinsu a sama, mutanen ƙauyuka suna zaune a ƙasa ta gefen gulbi, tsofaffi a gaba. Na ɗauki lasifika da kaina na sanar cewa wasa ne na nishaɗi, an san mai ci an san mai faɗuwa. Aka yi dariya. Wani daga baya ya ɗaga murya, "To Alhaji, hwaɗa muna mu tai gida!"

Bawa ya shigo da warkinsa, gurun a ƙugu. Gurun na baƙar fata ne, ya bushe, duk ya tsattsage, da wasu ƙananan layu a ɗinke jikinsa. Na ga Baba Manu ya miƙa wuya yana ƙura masa idon nan nasa, amma kafin ya ce wani abu alƙalin wasa ya busa usur.

Farkon wasan ya tafi yadda muka tsara. Yohanna ya ɗaga Bawa ya juya shi, Bawa ya zame ya kwashe masa ƙafa, jama'a na ihu. Ina jin Nasiru a bayana yana cewa, "Bakwai! Wallahi ya kama hanyar takwas!" Sai aka zo wurin bel. Yohanna ya fizge gurun, ya zagaya da shi yana murguɗa baki, ya jefar a yashi, ya aza ƙafa a kai.

A nan kiɗan ya sauya. Ban san kiɗa ba, amma na san ba wanda ake yi ɗazu ba ne. Ya yi ƙasa, ya yi nauyi, bugu biyu a hankali sannan ɗaya mai ƙarfi, kamar ana dukan gindin kwale-kwale daga cikin ruwa. Na waiwaya don in harari Audu. Idonsa a rufe yake, bakinsa a buɗe, kansa ya karkata gefe kamar mai gyangyaɗi. Hannunsa kaɗai ke aiki.

Gefen rumfa ihu ya ƙaru. Gefen gulbi kuwa shiru ya sauka. Na ga tsofaffi suna tashi ɗaya bayan ɗaya, suna kakkaɓe riga, suna jan jikokinsu. Wata tsohuwa mai sayar da ƙosai ta bar kaskonta a kan wuta ta tafi.

Bawa yana durƙushe inda tsari ya ce ya durƙusa. Sai kafaɗunsa suka fara rawa. Da ya miƙe, ba tsayuwarsa ba ce. Na yi makonni ina kallon mutumin nan, na san yana ɗingisa ƙafar hagu kaɗan. Wannan bai ɗingisa ba. Ya sunkuya ƙasa ƙasa, hannun dama a baya, na hagu yana shafar yashi, ya nufi Yohanna a karkace. Yohanna yana murmushi, ya miƙa hannu don su yi kamun da suka saba. Ban ga yadda aka yi ba. Na dai ga Yohanna a sama, sannan na ji ƙarar saukarsa a kan kafaɗa.

A kokawa idan mutum ya taɓa ƙasa an gama. Alƙali ya busa, ya sake busawa. Bawa bai saki ba. Ya naɗe Yohanna da hannu da ƙafa, ya mirgina da shi, ya sake mirginawa, kuma kowace mirgina gulbi take nufa. Yohanna ya daina murmushi. Ya dube ni ta ƙarƙashin hammatar Bawa ya ce, "Maigida!" Sau ɗaya ya faɗa, muryar ba ta sake fita ba.

Nasiru ya dafa kafaɗata yana tsalle. "Alhaji, ashe kun ɓoye muna wannan! Dubi idon Bawa! Wallahi ko Turawa albarka!"

Na ture shi na ruga. Ni da alƙalin wasa da wasu ƙarti masu tsaron fili muka kama hannun Bawa. Kamar mu kama saiwar kuka. Jikinsa sanyi ƙalau, a cikin wannan zafi, kuma yana warin laka. Ina kiran sunansa a kunnensa, ko ƙiftawa bai yi ba. Fuskar Yohanna ta fara canza launi.

Baba Manu bai zo wurinmu ba. Wurin makaɗi ya nufa, da tafiyarsa ta tsufa, ya zaro 'yar wuƙar yankan goro ya farke fatar gangar. Bawa ya saki a take, ya zube kamar buhun da aka kwance. Abin da zan faɗa yanzu ku ɗauke shi yadda kuka ga dama. Gangar tana farke a gabana, Audu yana kallon tafin hannunsa, amma na ƙara jin bugun nan, biyu a hankali ɗaya mai ƙarfi, daga can ƙasa wajen ruwa, kafin ya ɗauke. Alƙalin wasan ma ya ji, don na ga ya juya ya dubi gulbi.

Muka sa Yohanna a mota. Kafin mu tashi na tare Audu na ce, "Ba a gabana aka hana ka take ba?"

Ya ce, "Alhaji, na rantse da wanda ya halicce ni, ban san wanga kiɗi ba. Ban taɓa jin shi ba. Ni dai na ga an taka guru, sai na ga sarki tsaye kaina da wuƙa."

Baba Manu ya ce gaskiya Audu ya faɗa, ba a haife shi ba lokacin. Taken Kada ne, mahaifin Bawa, gwanin da bayansa bai taɓa ƙasa ba har ruwa ya ci shi yana kamun kifi, ba a ga gawarsa ba. A ƙauyensu idan gwani ya mutu ba a kayar da shi ba, ana ajiye takensa, ba a sake bugawa. Makaɗin da ya san shi ya daɗe da rasuwa. Ya ce, "Wancan kamu da mirgina, shi kaɗai ka yin shi. Bawa yana goye sadda uban ya tahi, wa ya koya mishi?" Ya duƙa ya ɗauki gurun da gefen rigarsa, bai taɓa shi da hannu ba.

Bawa ya farfaɗo yana tambaya ko ya faɗi daidai, ko Alhaji ya gamsu. Da aka gaya masa abin da ya faru, ya zauna a yashi yana kuka kamar yaro.

Ni ɗan kasuwa ne. Ban ce muku aljani ba ne, ban ce ba shi ba ne. Malamai sun ce matacce ba ya dawowa, kuma na yarda da su. Na dai faɗi abin da idona ya gani.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne kwanakin da suka biyo baya. Hoton wasan ya zagaya wayoyi. Gidan kallona ya cika da masu gardama. Wasu na cewa mirginar ta yi tsawo. Wasu na cewa Yohanna bai iya nuna ciwo ba, ya yi shiru da yawa. Nasiru ya ba wasan goma bisa goma, karo na farko a rayuwarsa, ya ce tashin tsofaffin nan ma dabara ce, nawa na biya su? Na ce masa mutumin yana kwance a asibiti da karyayyen ƙashin kafaɗa. Ya kashe mini ido ya ce, "Haka nan, Alhaji, riƙe labarin. Haka Turawan ma suke yi."

A nan na gane mai kallo. Idan ka koya masa cewa komai shiri ne, ranar da gaskiya ta zo zai tafa mata, ba zai kawo ɗauki ba. Mutum ɗari da wayoyi a hannu, ba wanda ya taso. Waɗanda suka gane abin kuwa guduwa suka yi. Saboda haka duk wanda zai shirya wasa a cikinku, ya tambayi asalin kowane abu da zai shiga fili, ko da tsumma ne, kuma ya ajiye mutum guda wanda aikinsa kawai ya ƙi yarda cewa wasa ake yi.

Ga yadda lissafin ya tsaya. Kuɗin janareto biyun sun dawo da riba. Sunana ya ƙaru, har daga garuruwan da ban taɓa zuwa ba aka aiko a ba ni fili, na ce a'a. Bawa ya bar kokawa, ya bar kamun kifi, yana noman albasa nesa da gulbi. Yohanna ya rayu, amma hannun damansa ba ya wuce kafaɗa, ba ya iya jan igiyar janareto. Na ba shi kula da shagona na Gesse, kuma yana yi da amana. Rahila tana gaishe ni duk inda muka haɗu, har ƙasa, yadda ta saba. Ba ta taɓa tuna mini abin da na faɗa mata ba, ni ma ban sake yi wa kowa alkawari a kan jikin wani ba.