Jitar da Ta Ƙi Magana a Gaya

Rana ba ta fito ba muka bar Kano a a-kori-kura, mu shida da janareta, ni rungume da jitar bes, mai kaurin murya, kamar mai jego. Bikin wani ma'aikacin gona za mu kaɗa, wuni ɗaya a Gaya, washegari a Ajingi wurin dangin amarya. A Wudil muka karya da kifi. Mai kifin ta ce ita ba ta san kobo ba, sule ta sani, muka yi ta lissafi har direba ya fara zaginmu da ham.

A Gaya aka ba mu fili mai rairayi. Da la'asar na taɓa tsirkiya, sai na ji kamar sauro, jitar da ke girgiza kujeru a birni! Na murɗa wannan, na murɗa wancan, shiru kake ji. Ƙarƙashin tsirkiyoyin akwai maganaɗisu mai ɗaukar sauti, fikof muke ce masa. Na sa sukurdireba na ɗago shi dab da su, a tunanina kusanci shi ne ƙarfi. Ai sai ta koma kukan kwaɗo. Shugabanmu ya ce, “Malam, in gobe haka ne, akwai mai jiran gurbinka.” Tuwon dawa da miyar kuka aka kawo mana, ga man shanu, amma ban san ɗanɗanonsa ba, don tsoro ya cika ni.

Hanyar Ajingi yashi ce, sau biyu muna sauka turi, ga gero ya fi mutum tsawo dama da hauni. Da muka isa, ina ta fama da jitar a inuwar darbejiya sai wani tsoho mai garaya ya tsuguna yana kallona. Ya ce, “Yaro, ka shaƙe ta. Tsirkiya fili take so.” Na ce, “Baba, wannan fa ta lantarki ce.” Ya ce, “To, lantarkin ne ya ce ka riƙa ƙwaƙularta da farce a gindi?”

Don kunya kawai na saukar da fikof ɗin, na matsar da hannu wajen wuyanta, na ja da tsokar babban yatsa. Wallahi har cikina na ji ta. Mata suka shiga fili, shugaba ya ɗaga mini hannu. Yadda aka yi nisa ya fi kusa ƙarfi, har yau ban gane ba.

Muka dawo Kano ina taƙama. Ranar Asabar a zauren siminti na kaɗa yadda tsohon ya koya mini, sauti ya cakuɗe kamar ana dama kunu. Shugaba ya ce wa ya taɓa masa jita? Gurbina dai yana nan, amma na daina cewa na iya. Yanzu duk inda muka sauka, abokaina mutane suke fara gaisarwa, ni ƙasa nake fara dubawa, rairayi ne ko siminti.